Darasin Kerala ga Mai Shirin Koyon Linux a Kunduru

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba. Kwamfutar da ke ɗauke da ita za ta ci gaba da kunnuwa, amma duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano a jikinta ba mai zuwa ya toshe, in ban da ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, shi ma na ɗan lokaci ne. Ita kuwa Windows 11 tana da zaɓe. Sai kwamfutar da ke da 'yar na'urar tsaron nan da ake kira TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwarta ta Intel ce, ta kasance daga zubi na 8 zuwa sama. Duk wanda ya san irin laftof ɗin da ke isowa Kankia da Kusada ya san da yawansu ba su cika wannan sharaɗi ba. 'Yan gwanjo ne, HP da Dell da Lenovo da suka gama aiki a ofisoshin Turai, aka yo lodinsu zuwa Legas, suka hau Kano, har wani uba a Kunduru ya sayar da wake ko gyaɗa da kaka ya saya wa ɗansa ko 'yarsa da ta samu gurbin karatu a Dutsin-Ma ko Katsina.

Irin wannan kwamfuta da sauran ƙarfinta, kuma akwai babbar manhajar da za ta iya jan ta shekaru masu yawa nan gaba ba tare da an biya ko sisi ba. Linux ke nan. Wani ɗalibi ɗan shekara 21, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyarta a birnin Helsinki na ƙasar Finlan a 1991, aka haɗa da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya faro a Amurka tun 1983. Lasisinta ya yarje wa kowa ya kwafa, ya leƙa cikinta, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kiyaye haƙƙin mutane, domin Windows ɗin da masu gyara ke zuba wa jama'a sau da yawa ta bayan fage aka samo ta, kowa kuma ya sani. Wayar Android da ke aljihunka ma a kan zuciyar Linux aka gina ta, kuma tun ƙarshen 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

Inda sabon shiga ke cin karo da wahala shi ne wajen zaɓi. Linux ba guda ɗaya ba ce, iri-iri ce, ɗaruruwa. Yaro ya ji labari, ya shiga YouTube, wannan ya ce Ubuntu, wancan ya ce Fedora, wani ya rantse ba kamar Arch. Ya ƙone datarsa yana saukewa, ya sa wannan yau ya cire gobe, firinta ta ƙi, ba wanda zai tambaya daga Kunduru har Gyaza, ƙarshe ya tashi a tutar babu, ya mayar da kwamfutar wurin mai gyara a yi mata fomatin. Daga nan sai ya riƙa gaya wa kowa Linux wuya gare ta. Akwai wata jiha a Indiya da ta sha gaban wannan matsala, kuma yadda ta yi ya isa a tsaya a duba.

Kerala tana kudu maso yammacin Indiya, mutanenta sun haura miliyan 33 a ƙidayar 2011, harshensu Malayalam. A 2001 gwamnatin jihar ta kafa shirin IT@School don koyar da kwamfuta a makarantun sakandare, kuma darussan farko a kan Windows aka tsara su. Malaman makaranta ne suka tayar da magana, musamman ƙungiyarsu ta KSTA, tare da masu rajin buɗaɗɗiyar manhaja. Hujjarsu mai sauƙi ce. In littafin gwamnati ya koyar da hajar kamfani ɗaya, kuma a kanta za a yi jarrabawa, to an tilasta wa kowace makaranta da kowane uba ko dai su sayi lasisi ko su yi amfani da na sata. Maganar ta shiga. A 2005 aka haɗa musu Linux ta kansu a kan wani nau'in Linux mai suna Debian, a 2006 sabuwar gwamnatin V. S. Achuthanandan ta shelanta cewa makarantun jihar kusan 12,500 za su koma buɗaɗɗiyar manhaja, a 2008 kuma jarrabawar kwamfuta ta kammala aji goma gaba ɗaya a kan Linux aka yi ta. Shirin ya zama kamfanin gwamnati mai suna KITE a 2017. A 2019 KITE ta ƙiyasta cewa kuɗin lasisin da aka tsallake a kan kwamfutoci sama da 200,000 ya kai rupee biliyan 30, kuɗin Indiya.

Kuɗin shi ne abin da jaridu suka fi ɗauka. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka yi aikin. Masu horarwa daga cikin malaman aji aka zaɓo su, mai koyar da lissafi, mai koyar da kimiyya, aka koya musu, su kuma suka zagaya suna koya wa 'yan'uwansu. Kowace makaranta aka ba wani malami alhakin kula da kwamfutocinta. Sannan jihar duka iri ɗaya ta riƙe. Daga baya sun sauya tushe daga Debian zuwa Ubuntu, amma tare suka sauya, don haka abin da yaro ya gani a allo a wani ƙauye shi ne abin da ke littafinsa, shi ne kuma abin da malamin makarantar gaba ya sani. In abu ya cije, amsa tana nan kusa, da harshen da yaron ke ji. A 2018 suka ƙara da ƙungiyoyin ɗalibai da ake kira Little KITEs, inda yara da kansu ke koyon rubuta manhaja da haɗa na'urori da kula da kayan makarantarsu. Ba wanda ya tsaya muhawarar wace Linux ce ta fi kowace a duniya. Sun ɗauki ɗaya mai kyau, suka tara mutane a kanta.

Mu ma a Najeriya Linux ta taɓa shiga aji, kusan lokaci ɗaya da Kerala. A 2007 an raba wa ɗaliban firamaren Galadima da ke gefen Abuja ƙananan laftof masu launin kore na shirin Nicholas Negroponte, shirin kowane yaro da tasa, kuma Linux ce a cikinsu. An yi ta maganar ƙasar za ta sayi miliyan ɗaya, ba a saya ba. A wannan shekarar dai kamfanin Mandriva na Faransa ya samu kwangilar sa Linux ɗinsa a kwamfutoci 17,000 na 'yan makaranta, sai ga shugabansa François Bancilhon ya rubuta wa shugaban Microsoft, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan cewa ana shirin goge aikinsu a sa Windows. Duba inda gardamar take: tsakanin kamfanoni biyu na ƙasashen waje, a kan kwangila. A Kerala malamai ne suka riƙe maganar, a nan kuwa na'ura aka sa a gaba. A ganina wannan ne ya raba mu da su. Shi kansa kamfanin Mandriva ya rufe a 2015. Haka Wazobia Linux, wadda wasu 'yan ƙasar nan suka fitar a tsakiyar shekarun 2000 da Hausa da Yarabanci da Ibo, ta yi ɓatan dabo, abin takaici, domin niyyar mai kyau ce.

To, ɗan'uwa mai laftof a Kunduru, kai ba gwamnati ba ne, amma abin da Kerala ta yi da jiha za ka iya yin sa da mutum uku. Kafin ka sauke komai, bincika wa ke amfani da Linux a kusa da kai. Wataƙila wani malamin kwamfuta a sakandaren Kankia, ko yayan abokinka da ke karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko mai gyaran da ya waye. Irin da yake amfani da ita, ita za ka sa, ko da wani a intanet ya ce akwai wadda ta fi ta. Mutanenmu sun san wannan a harkar babur: ba a sayen wanda sai an je Kano kafin a samu makanikinsa da kayan gyaransa. In kuwa ba ka samu kowa ba, nemi abokai biyu masu sha'awa ku yi shawara ku tsaya a kan iri ɗaya. Abin da ya gagari ɗaya, wani zai gano, kuma saukewa sau ɗaya ta ishe ku duka, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa.

In ni aka tambaya, Linux Mint zan ce. Wani Bafaranshe, Clément Lefebvre, ya fara ta a 2006. An gina ta a kan Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, ita kuma a kan Debian da ke raye tun 1993. Amfanin wannan salsala shi ne duk matsalar da za ka ci karo da ita, dubban mutane sun riga ka, an kuma rubuta maganinta. Fuskarta ta yi kama da wadda ka saba, maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Zubi na 22 da ya fito a 2024 za a ci gaba da kula da shi har 2029, don haka ba ka da dalilin sake sawa kowace shekara. Masu ita sun ce ram mai gig 2 zai ɗauke ta, amma sai da gig 4 ake sakewa. In kwamfutarka mai rauni ce, ɗauki samfurin Xfce, ya fi samfurin Cinnamon sauƙin nauyi. In ta tsufa ƙwarai, irin mai bit 32, Mint ta daina yi wa irinta, sai ka nemi antiX. Wanda ya zaɓi Ubuntu ko Lubuntu ma bai yi laifi ba, dangi ɗaya ne, umarninsu ɗaya.

Akwai guda ɗaya da nake roƙon ƙannena su bari tukuna, ita ce Kali Linux. Samari na son ta saboda sun ji ta 'yan kutse ce. An yi ta ne don ƙwararrun masu gwada tsaron na'urori, kuma masu ita da kansu sun rubuta a shafinsu cewa ba su ba wanda bai san Linux ba shawarar ya fara da ita. Mai son aikin tsaron intanet ya fara sanin yadda ake tafiyar da kwamfutarsa ta yau da kullum. Ranar Kali za ta zo, kuma a lokacin zai san abin da ya halatta ya taɓa da abin da zai kai shi kotu.

Bayan zaɓi sai tsarin shiga, a nan kuma jandarmomin Faransa ne abin koyi. Ba su tashi rana ɗaya suka goge Windows ba. A 2005 suka sauya manhajar rubutu da lissafi zuwa OpenOffice. A 2006 suka koma Firefox da Thunderbird don shiga intanet da aika wasiƙu. Sai a 2008 suka fara sa Ubuntu, lokacin da ma'aikaci ya riga ya saba da kayan da zai tarar a ciki. Zuwa 2024 kwamfutocinsu sama da 100,000 ke kan GendBuntu, wato Ubuntu da suka gyara don aikinsu. Kai ma bi wannan sawu. Tun kana kan Windows sa manhajar rubutu da lissafi ta LibreOffice, ka yi aikin makarantarka da ita na wasu makonni. Koyi ajiye takarda ta yadda mai Word zai iya buɗewa, in kuma bugawa za ka kai bizines santa, mayar da ita PDF don kada layuka su goce. Sa Firefox, sa VLC. Ranar da ka shiga Linux za ka tarar rabin abin da ke ciki ka san shi.

Daga nan sai gwaji ba tare da taɓa komai ba. Sami filashi mai gig 8, sauke Mint daga shafinta na asali, nauyinta wajen gig 3 ne, gara a yi da datar dare ko a inda sabis ke da ƙarfi. Rubuta ta a filashin da Rufus ko Ventoy. Kashe kwamfutar, ka kunna kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo, ka zaɓi filashin. Mint za ta tashi daga cikinsa, Windows ɗinka da duk kayanka suna nan yadda ka bar su. A nan za ka natsu ka duba: wayafai na kamawa? Sauti na fita? In ka jona wayarka da igiya, tana ba kwamfutar intanet? Firintar da kake amfani da ita fa? Na HP galibi ba sa gardama, wasu kuwa sai an nemo musu manhajarsu. Za ka ji tana ɗan jan ƙafa, wannan daga filashin ne, in an sa ta a ciki za ta fi haka sauri.

In ka gamsu, kafin ka danna maɓallin sawa, kwashe duk abin da ba ka so ka rasa zuwa wani wuri: hotunan biki, takardun makaranta, karatuttukan malamai da ka tara. Wannan mataki ba a tsallake shi ko da wa ke zaune kusa da kai. Sannan ka tabbata batir ya cika ko kana kan sola ko janareta, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar raba rumbun ajiya na iya jawo asarar da ba ta gyaruwa. Mint za ta tambaye ka ko ta zauna gefen Windows ko ta share komai. Sabon shiga ya bar su su biyu, duk lokacin da ya kunna ya zaɓi wadda yake so. In da hali a canza tsohon rumbu mai juyawa a sa SSD, ba abin da ke farfaɗo da tsohuwar laftof kamarsa. A kuma sa mai gyara ya busa fanka, don ƙurar hunturu ba ta san wace manhaja ke ciki ba.

Akwai wanda zan ce masa kada ya yi gaggawa. In abincinka a CorelDRAW yake, kana zana katin biki da kalanda da fastar 'yan siyasa, ko a Photoshop, ka sani ba a yi su don Linux ba. Akwai Inkscape da GIMP, suna aiki sosai, amma hannu sai ya sake koyo, kuma maɗaba'ar da kake kai wa aiki wataƙila fayil ɗin Corel take so. Birnin Munich na Jamus ya ga irin wannan. Majalisarsa ta yanke shawarar komawa Linux a 2003, zuwa 2013 kwamfutoci kusan 15,000 sun koma, sai a 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Siyasa ta taka rawa, amma cikin koke-koken da aka yi ta yi har da wahalar musayar takardu da sauran hukumomin da ba su sauya ba. Wanda kake mu'amala da shi kullum yana cikin lissafi. Mai irin wannan sana'a ya riƙe Windows don aikinsa, ya koyi Linux a gefe. Amma ɗalibi, da malami, da ma'aikaciyar asibiti mai rubuta rahoto, da mai shago da ke lissafin kaya, ba abin da zai tsare su. Mai shirin JAMB ma haka. Tun 2015 jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, abin da take nema shi ne hannun da ya saba da kibod da idon da ya saba da karatu a allo, kowace manhaja kuwa tana koyar da wannan.

Wajen koyo, abin da ya fi tsorata mutane shi ne baƙin allon nan da ake rubuta umarni. A Mint za ka iya wata guda ba ka buɗe shi ba, domin akwai rumbun manhajoji da ake shiga a danna a sauke, ba sai an bi shafukan da ke cike da bairos ba. Amma kada ka guje shi har abada, nan ilimin yake. Fara da kaɗan: ls ya nuna maka abin da ke cikin jaka, cd ya kai ka wata, cp ya kwafa, sudo apt update ya binciko sabbin gyare-gyare. Sayi littafin rubutu na musamman, duk umarnin da ka koya ka rubuta shi da bayaninsa da Hausa, da abin da ya faru da ka gwada. Duk umarnin da ya fara da sudo, ka ba shi ikon taɓa ko'ina a kwamfutar, don haka kada ka kwafo shi daga intanet ka liƙa sai ka fahimci aikinsa, balle in akwai rm a ciki, wanda ke gogewa ba ya mayarwa. Kunna Timeshift tun ranar farko. Yana ɗaukar hoton tsarin kwamfutar, in ka ɓata wani abu ka koma yadda take jiya. In za ka yi tambaya, faɗi sunan kwamfutarka, da zubin da ka sa, da ainihin saƙon da ya fito a allo. Mai cewa "ta ƙi yi" kawai ba a san ta inda za a taimake shi ba.

Abu biyu kuma na musamman gare mu. A cikin saitin kibod akwai tsarin Hausa na Najeriya, in ka ƙara shi za ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ kai tsaye, ka daina rubuta ƙasa kamar kasa. Sannan akwai Kiwix, manhajar da ke ba ka damar sauke Wikipedia, har da ta Hausa, ka karanta ba tare da intanet ba. A garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, laftof ɗaya mai Kiwix za ta amfani ɗaliban unguwa guda.

Maganata ta ƙarshe ga waɗanda suka riga suka iya ce, 'yan Kankia da Kusada da Ingawa da suka yi karatun kwamfuta, ko suna gida ko suna aiki a Katsina, Kano da Abuja. Ƙannenku a Kunduru suna da na'urorin, abin da suka rasa shi ne wanda za su tambaya. In kun zo hutun salla ko ƙarshen mako, ku taho da filashi mai Mint a ciki. Ku nemi izinin shugaban makaranta ku zauna da malami ɗaya ko biyu, ku sa musu, ku nuna musu yadda za su sa wa wasu, ku bar musu lambar waya. Ku haɗa da 'yan mata, ta hannun malamansu mata, domin su ma JAMB ɗin nan suke rubutawa. Ku yi shawara tsakaninku ku tsaya a kan iri ɗaya, don wanda ya koya a Kunduru ya iya taimakon na Kafinsoli da na Rimaye.